A Haskaka Wa Masu Sana'ar Dare A Nguru Da Gashuwa

Duk mutumin Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san cewa dare ma yana da tasa kasuwar, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sai magariba ta yi suke kafa teburin shayi ko hura wutar tsire. Abin lura shi ne, wannan sana'a da ta riƙe su a Kurmi tana shan wuya a garuruwan da suka baro, musamman Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe.

A waɗannan garuruwa fitowar dare ba abin marmari ba ne, tilas ce. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, saboda haka sai an idar da sallar lisha sannan gari ke numfasawa. A lokacin ne masunci da ɗan dako da direban babbar mota suke samun zama su ci soyayyen kifi, tarwaɗa ko karfasa, ko balangu, ko waina da ƙosai, su kora da shayi. A teburin mai shayi ake jin farashin wake, a nan baƙo yake samun masauki, a nan kuma ake sanin wanda ya shigo gari da abin da ya kawo shi.

Wannan rayuwa tana da asali. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fata da shanu da busasshen nama, ana lodawa zuwa Kudu. Inda fatake suka kwana kuwa, dole tukunya ta hau wuta. Ita ma Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana bakin Kogin Yobe ne, kifi da shinkafar fadama su suka raya kasuwarta.

To, amma ginshiƙan nan sun yi ta zaizayewa ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙasa ya ja baya, manyan motoci suka kwashe cinikin tasha. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun canja yadda ruwa ke malalowa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai, masunta suka shiga uku. A watan Mayu na 1913 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma a watan Mayu na 2013 sai ga dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa saboda rikicin Boko Haram, aka katse layukan waya, aka taƙaita zirga-zirgar dare. A 2023 kuma ƙarancin takardun Naira da janye tallafin man fetur suka zo kusan a jere. Mai shayin da ke dogara da ɗan janareta ya ga kuɗin mai na neman cinye ribar burodi.

Akwai masu cewa gara ma kasuwar dare ta mutu, wai ita ce maɓoyar 'yan shaye-shaye da masu lalata 'yan mata 'yan talla. Wannan magana ba a raina ta ba, domin matsalar ƙwaya gaskiya ce, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma fa a duba da kyau: mai sayar da ƙwaya ba ya zama gindin fitila kusa da dattawa. Lungu mai duhu yake nema. Idan aka kori mai shayi da mai kifi, an kashe idon unguwa ne kawai, an bar wa ɓarawo fili. Ba a fasa randa don daudar ƙasa ta faɗa ciki.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane haka. A birnin Fukuwoka na ƙasar Japan akwai rumfunan abinci na dare da ake kafawa a gefen titi da yamma, a kwashe kafin gari ya waye. An daɗe ana ƙorafi a kansu game da ƙazanta da tare hanya, har adadinsu ya yi ta raguwa. Maimakon a share su, sai hukumar birnin ta yi musu doka a 2013, ta tsara wurin zama da lokacin tashi da sharuɗɗan tsabta, yanzu kuwa baƙi daga nesa suke zuwa cin abinci a wajensu. Su can giyar shinkafa suke sha, a Nguru da Gashuwa kuwa shayi ne da fura, amma darasin ɗaya ne: sana'ar talaka tsari take bukata, ba kora ba.

Abin da ya kamata ƙananan hukumomin Nguru da Bade su yi ba mai tsada ba ne. A ware fili sananne kusa da tashar mota, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana, a haƙa famfo, a gina bayan gida. A sa duba-gari ya riƙa duba nama da kifi da ruwan da ake dafa shayi, musamman a Gashuwa inda yawan ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a. A tsayar da lokacin tashi tare da shawarar masu unguwanni da limamai, a kuma hana tura ƙananan yara mata talla bayan lisha. Harajin da ake karɓa a ba da rasit, mai sana'a ya ga abin da kuɗinsa ya yi. Ciniki kuwa akwai shi, tun da Gashuwa ta sami Jami'ar Tarayya a 2013, ga kuma masu jinya a Asibitin Tarayya na Nguru, dukansu suna neman abin ci da dare.

Saura kuma 'yan ci-rani da mazauna Kurmi. Ƙungiyoyin 'yan asalin Yobe da ke Agege da Mil 12 da Sabon Badun sukan yi karo-karo idan an yi rasuwa ko gobara. Me zai hana a yi irin wannan don sayen fitilu goma a kai gida, a damƙa su hannun sarkin kasuwa a gaban shaidu? Kowa ya ga abin da ya faru da 'yan acaɓa lokacin da Gwamnatin Jihar Legas ta hana su aiki a manyan sassan birnin a 2020 da 2022. Saurayin da ya sami teburin shayi mai ciniki a garinsu ba zai zo ya kwana ƙarƙashin gada a Ikko ba. Kowa ya gyara gida, kansa ya yi wa. Allah ya sa masu iko su ji.