Gada ɗaya, ƙasa guda

Ranar 30 ga watan Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ba da umurnin rufe iyakoki da Nijar. Nan da nan gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta zama bango. Kamiyoyi suka yi jerin gwano a gefen Benin, ɗauke da shinkafa da magani, masu kaya a Maraɗi da Damagaram suna ƙirgen asara. Tun zamanin OCBN har zuwa wancan lokaci, mafi yawan hajar ƙasar nan ta Kwatano take shigowa, kuma duk wanda ya sauke kaya a can, wannan gada ita ce ƙofarsa.

Da aka koma tashar Lome, cunkoson bai gushe ba, ƙaura ya yi. Hanyar ta ratsa Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, inda mota ba ta wucewa sai da rakiyar soja. Tilas kamiyoyi su taru su jira ayari ya cika, wani lokaci har makonni. Ayarin da ya iso Yamai cikin watan Agusta 2023 ya kai kamiyo kusan 300, suka faɗo wa ma'aikatan duwan lokaci guda. Kowace ranar jira tana da kuɗinta: hayar mota, tarar kwantena, abincin direba. Mai sayen tiya ɗaya a kasuwar Tawa shi ke biya daga baya, ko da bai san sunan Dori ba.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar gadar a rufe, aikin ya koma hannun masu kwalekwale.

Hanya ta biyu ba a ƙirƙirarta ranar tashin hankali. Sai ta kasance da masu fiton kaya da suka saba da ita, da ɗakunan ajiya, da takardun da aka daidaita tun ana zaman lafiya. Haka ma fifita magani da cimaka a kan sauran kaya, doka ce da ya kamata a rubuta kafin layi ya yi tsawo. Rumbunan OPVN kuwa, cikarsu ita ke sayo wa gwamnati lokaci.

Titin jirgin ƙasa na Yamai zuwa Doso, wanda aka yi bikin buɗewa a 2016, bai ɗauke wa kowa ko buhu ɗaya ba a lokacin takunkumin, domin bai sadu da na Paraku ba. Shi ya sa ƴan kasuwar Maraɗi suka fi zuba ido ga layin Kano, wanda aka aza tubalinsa a 2021, ko da yake ita ma iyakar Najeriya a rufe take a watannin nan na takunkumi.