Martani Ga Masu Cewa Ina Wahalar Da Ɗalibai Da GitHub

Tun da na ce ɗaliban da ke koyon sanin makamar aiki a wurina nan Rikoto su daina kawo rahoto ta WhatsApp su koma GitHub, surutu ya yi yawa. Ga amsata.

An ce ina ƙona wa yara data. Shafin da muke jera ayyuka a kai rubutu ne zalla, saƙon murya da bidiyon da ake watsawa a guruf sun fi shi ci nesa ba kusa ba. Masu kukan rashin sabis kuma su sani, Git ɗin da GitHub ya ginu a kansa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana aiki ko babu intanet. Yaro ya adana aikinsa a kwamfuta, in sabis ya dawo ya tura.

An ce na raina littafin rahoton SIWES. Ban raina shi ba. SIWES tsari ne da hukumar ITF ta kafa tun 1973, kuma duk mako ina sa hannu a littafin. Amma mu daina ɓoye wa juna, kowa ya san yadda wasu ke cike littafin nan a dare ɗaya in sun ji malami na tafe. A GitHub kuwa, ranar da aka buɗe aiki da ranar da aka rufe shi da sunan wanda ya yi duk suna nan.

Zargin da ya fi yi mini ciwo shi ne wai ina tona asirin yara, tunda duniya na ganin kurakuransu. Jama'a, manhajar da aka bar wa kowa ya duba ya gyara ai a bainar jama'a ake gina ta, kuskuren ƙwararru ma kowa na gani. Shirye-shiryen da ke biyan masu koyo, irin su Google Summer of Code da Outreachy, gudummawar da mutum ya bayar a fili suke dubawa kafin su ɗauke shi. Ɗan Zuru ba shi da kawu a Amurka da zai yi masa hanya. Aikinsa ne kaɗai zai yi magana, kuma ba zai yi ta ba in yana binne cikin guruf tsakanin sanarwar ɗaurin aure da gaisuwar Juma'a.

Saura masu cewa GitHub na Microsoft ne. Haka ne, tun 2018. Akwai GitLab da Codeberg, Wikimedia ma Phabricator take amfani da shi, sai dai yawancin ayyukan da ɗalibaina ke sa hannu a ciki a GitHub suke zaune. Mai son mu kafa namu kuma ya fara faɗa mini wanda zai sayi man janareta.

Duk mai sauran shakka, uba ne ko malami, ya zo ya zauna da ɗalibin, a buɗe masa shafin ya ga aikin makon da idonsa.