'Yar Fari a Inuwar Uwa

Mahaifiyarmu ungozoma ce a Kurfi. Shekara da shekaru, da wuya mace ta durƙusa a unguwarmu da ƙauyukan kewaye ba a aiko kiran ta ba, ko da tsakar dare ne. Gari ya san ta, ya kuma yaba mata. Wadda ta ɗauki nauyin wannan suna ita ce Yaya, 'yar farinta, wadda tun tana shekara tara take gadon murhu da goyon ƙanne duk sa'ad da Inna ta fita.

Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, balle ta yaba mata a gaban mutane. Al'adar tsohuwa ce. Baba ta Karo ta bayyana ta a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. Sai dai a da, kaka ko goggo kan karɓi riƙon 'yar fari, ta ba ta tarairayar da uwa ke ɓoyewa. Yaya ba ta samu wannan gata ba. Ta tashi a gaban uwar da kowa ke samu, ban da ita.

A Dutsin-Ma inda nake koyarwa, nakan ga irinta a aji: 'ya'yan malamai mata da na 'yan siyasa, waɗanda ake gabatarwa da "'yar Hajiya wance" kafin a tambayi sunansu. Ko amadar marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, na ji, nakan tuna cewa macen da ta cika fage ta bar wani a gida yana jiran ta.

Da ciwon ajali ya kwantar da Inna, Yaya ce ta bar ɗakinta ta yi jinyar ta wata huɗu. Sai bayan sadakar uku wata maƙwabciya ta shaida mata cewa Inna takan ce duk cikin 'ya'yanta ba ta da kamar "waccan". Yaya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ban zo rushe kunya ba, domin ado ce a gidan Bahaushe. Roƙona ga iyaye mata, musamman waɗanda jama'a ke rububi, shi ne kada su bar wa maƙwabta saƙon da ya kamata 'ya ta ji daga bakinsu tun suna raye.