Hannu ya fi na'ura

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, samari suna yawan gardama bisa ɗaukar hoto. Wani ya ce salular Samsung ta fi, wani ya ce babu kamar iPhone. Mai ƙaramar Itel kuwa sai ya ɓoye tasa cikin aljihu don kunya. Har akwai yaron da ke matsa ma ubansa ya saida tunkiya, a saya mishi babbar salula, wai don ya zama mai hoto.

Wannan kuskure ne. Na'ura ba ta san inda rana take ba, mai riƙe da ita shi ke sani. In aka tsaida mutum rana tana bayansa, fuskarsa takan fito da duhu. Da tsakar rana inuwa tana rufe idanu. Gwani yakan jira hantsi ko la'asar, ko ya kai mutum ƙarƙashin itace. Lokacin hunturu yakan share ƙurar gilashin na'urar tukuna. Yakan riƙe hannunsa kada ya motsa. In yaro zai ɗauka, sai ya durƙusa daidai tsawonsa.

Ga misali daga ƙasar Mali. A shekarar 1935, wani yaro na Bamako, Saidu Keita, ya samu ƙaramar na'ura ƙirar Kodak daga kawunsa. Da ita ya fara koyo. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu. Ya fi aiki da hasken rana, yana rataya zane bayan mutane. Sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum, don kayan aiki suna da tsada. Saboda haka sai ya gyara zaman mutum da hannuwansa da rigarsa kafin ya ɗauka. Ya rasu a 2001. A 2016 an baje hotunansa a wani babban zaure na birnin Paris, jama'a suka yi ta zuwa kallo.

Gaskiya ne, na'ura mai kyau tana da amfani. Da dare, ko wajen ɗaukar dokin da ke sukuwa ran Salla, ta fi ƙarama. Amma sabuwar hauya ba ta sa mutum ya iya noman albasa kamar mutanen Galmi. Sai wanda ya iya aiki ke cin moriyar kayan aiki.

Don haka, yara, a bar tunkiya a turkenta. A ari salular yaya ko ta inna, a koyi duban haske. In hannu ya ƙware, kuɗin babbar na'ura za su zo daga aikin.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa in rana tana bayan wanda ake ɗauka?
2. Don me Saidu Keita yake ɗaukar mutum sau ɗaya tak?