Barin aiki don ƙarin albashi ba butulci ba ne, amma a duba takarda kafin a tashi

Duk shekara idan hutun damina ya ƙare aka koma makaranta a watan Oktoba, kuka iri ɗaya ake ji daga masu makarantun kuɗi a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai: malamin da aka dogara da shi bara ya koma wata makarantar saboda an ƙara masa jika goma ko ashirin. Haka masu gidajen likita masu zaman kansu ke kokawa da malaman jinya, masu gareji da kanikawa, 'yan kasuwa da yaran shago. Kalmar da ake jifan wanda ya tafi da ita kuwa guda ce, wato butulu.

Wannan hukunci ya yi tsauri, kuma sau da yawa ba daidai ba ne. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su ne kuma suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Abin dubawa a nan shi ne wane irin gida ake magana a kansa, kuma me gidan yake yi wa mai zama cikinsa.

Biyayyar da masu ɗaukar aiki ke nema a yau tana da asali. Alhazan Maradi sun gina kasuwancinsu bisa tsarin ubangida da yaronsa. Yaro yakan shekara goma ko fiye yana tsaron shago, yana raka kaya zuwa Katsina da Kano, ba tare da wani albashi tsayayye ba. Amma kowa ya san abin da ke jiransa. Ubangida ne ke ciyar da shi, shi ke ɗaukar nauyinsa in ya kwanta ciwo, shi ke yi masa aure, daga ƙarshe ya ba shi jari ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Ubangidan da ya ci gumin yaro ya sallame shi hannu wofi, gari ne ke zaginsa. Ke nan biyayyar ba kyauta ba ce, alkawari ne mai fuska biyu ko da ba a rubuta shi ba.

Abin da ya canza shi ne da yawa daga masu ɗaukar aiki na yanzu sun riƙe rabin tsarin sun yar da rabi. Suna son biyayya irin ta yaron Alhaji, amma babu aure, babu jari, babu magani. Ba su kuma cika sharuɗɗan zamani ba: babu kwantaragi a rubuce, babu rajista a asusun CNSS, albashin ma sai wata ya yi nisa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a kan sefa 30,047 tun 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa 42,000. Magidancin da ke biyan haya, yana sayen gero da tiya, yana kai yara likita, ya san inda jika 42 ke ƙarewa. Idan irin wannan mutum ya samu inda za a ba shi jika 70 ya tafi, bai ci amanar kowa ba. Haƙƙin iyalinsa ya fi ƙarfin kunyar maigidansa.

Daɗewa a wuri ɗaya ma ba ta hana ƙofa rufuwa. Kamfanin Cominak ya fara haƙar uranium a Akouta kusa da Arlit a 1978, ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021 bayan ma'adinin ya ƙare. Ma'aikatansa kusan 600 sun rasa aiki, wasu bayan sun ba shi ƙuruciyarsu gaba ɗaya. Su dai an biya su kuɗin sallama. Ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin kamfanonin 'yan kwangila kuwa, waɗanda suka shiga rami ɗaya da su, sun yi ta koken cewa ba a yi musu irin wannan sallama ba. Abin da ya raba su shi ne irin takardar da kowa ke riƙe da ita.

Sai dai wannan darasi yana cin ɓangare biyu. Babban albashi shi ma ba ya nufin tsaro. Shekaru da dama burin matasan da suka yi karatu shi ne aikin ƙungiyoyin agaji, inda albashi kan ninka na gwamnati. Akwai malamai, malaman jinya da akantoci da suka ajiye aikin dindindin suka kama kwantaragin shekara ɗaya ko biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasashe da dama sun dakatar da tallafinsu. A Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin ƙungiyar Acted, a Fabrairun 2025 suka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta rufe ofisoshinta, a farkon shekarar kuma Amurka ta dakatar da kuɗaɗen hukumar USAID. Ayyuka da yawa sun tsaya cik. Haka aikin shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin: ya ɗauki mutane da yawa, amma aikin gini ne, ranar da aka gama shi ranar ya ƙare. Wanda ya saki reshe ya kama ganye ba zai zargi kowa ba.

Don haka lissafin da ya kamata ma'aikaci ya yi ya wuce adadin da aka faɗa masa da baki. Kwantaragin na dindindin ne ko mai wa'adi? Akwai lokacin gwaji da za a iya sallamarsa cikin sauƙi? Za a yi masa rajista a CNSS? Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aiki kuma ya zuba abin da ya kai ninki uku na hakan, kuma daga nan ne fansho, kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki ke fitowa. Jika ashirin da aka ƙara a hannu ba tare da rajista ba, ci ne daga abincin tsufa. Haka nan kuɗin daɗewa a aiki da kuɗin sallama duk da shekaru ake lissafa su, wanda ya ajiye aiki da kansa kuma daga farko zai soma ƙirga a sabon wuri. In sabon aikin a Yamai yake, sai a cire kuɗin haya da na kabu-kabu a ga abin da ya rage.

Idan lissafi ya nuna tafiya ce ta fi, to a nan ne ake gane mai amana. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta tanadi a ba da sanarwa kafin a raba gari, ta kuma wajabta wa mai aiki ya ba wanda ya tafi takardar shaidar aiki. Malamin da ya watsar da 'yan ajin jarabawa a watan Afrilu, kanikan da ya kwashe abokan cinikin maigidansa a asirce, yaron shagon da ya ɓace da littafin bashi, waɗannan su ne suka ci amana, ko da sun shekara ashirin a wurin. Wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya sanar a kan lokaci, ya miƙa kaya da lissafi, ya yi sallama da maigida, ya sauke nauyin da ke kansa ko da shekara biyu ya yi. Garuruwan nan ƙanana ne, sunan mutum yakan riga shi isa ofishin da yake neman aiki.

Masu ɗaukar aiki kuma su daina jiran sai ma'aikaci ya kawo takardar ajiye aiki kafin su tuna da ƙarin albashi. Horar da sabon mutum yana cin lokaci da kuɗi, iyaye kuma sukan bi malami nagari duk makarantar da ya koma. Wanda yake son mutanensa su zauna ya san hanya: ya rubuta kwantaragi, ya yi musu rajista, ya biya a ƙarshen wata, ya nuna musu matakin da za su taka nan da shekara uku ko biyar. Sufetocin ƙwadago da ƙungiyoyin ma'aikata su ma aikinsu ne su leƙa makarantu, gidajen likita da shagunan da ake aiki babu takarda.

Alhazan da ake ba da labarinsu ba su riƙe yaransu da gori ba. Sun riƙe su ne da alkawarin da suka cika. Maigidan da bai ɗauki irin wannan alkawari ba, ba shi da bakin kiran wanda ya tafi butulu.