Tarbiyyar matasa a Azare: Wa ya maye gurbin kaka da gwaggo?

A gidaje da yawa na Azare, uba zai iya faɗin izu nawa ɗansa ya haddace a Islamiyya, amma da wuya ya san da wa yaron yake hira a waya bayan sallar isha'i.

Al'adar kunya ce ta gina wannan katanga. Uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, uba kuma ba ya zaman hira da 'yarsa budurwa. A da hakan bai cika yin illa ba, domin gidan gandu cike yake da kaka da gwaggo da kawu, masu sauraron abin da yaro ba zai iya furtawa gaban mahaifinsa ba. Yanzu ma'aikaci ya gina gidansa a bayan gari, kakar tana can Madara ko Chinade. Kunyar tana nan, masu sauraron sun watse, TikTok da abokan majalisa sun gaje kujerarsu.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Ga cacar ƙwallo, wadda ba ta buƙatar shago, waya ta isa.

Sai dai babbar ɓarakar tana cikin gida. Yaron da ya amsa laifinsa ya sha bulala, ɗan'uwansa da ya yi rantsuwar ƙarya ya tsira, to an koya wa su biyun darasi ɗaya. Uban da ke aika yaro ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, ko ya biya kuɗin satar amsa a jarrabawar WAEC, ya rushe da hannunsa abin da malamin Islamiyya ya yi shekaru yana ginawa. Matashi ba ya manta irin wannan, shiru kawai yake yi.

Abin mamaki, Suratu Luƙman da yara ke haddacewa hira ce ta uba da ɗansa, kuma sau uku uban yana kiransa da lafazin tausasawa. Iyaye na sauraron tilawarta da alfahari, salonta ne suka bari a allo.

Idan kunya ta ɗaure harshen uba, sai ya zaɓi kawu ko gwaggo, ya shaida wa yaron cewa duk abin da ya kai can ba zai koma duka ba. A yi hakan kafin ya ɗauki jakarsa ya nufi Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ko jami'ar da ke Gadau, inda zai kama ɗakin haya yana ɗan shekara 17.