Darasin NITEL: Halin Aiki ke Riƙe Kamfanin Waya a Kasuwa

Idan za a iya tunawa, a watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kamfanonin MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu. Kamfanin gwamnati na NITEL shi ma ya sami irin wannan lasisi, ga shi da ofisoshi da injiniyoyi a faɗin ƙasa. Duk da haka, shi ne ya durƙushe.

A ganinmu, babban dalili shi ne al'adar aiki. NITEL ya saba shi kaɗai ne a kasuwa, mai neman layi ke bin ma'aikaci yana roƙo, har ta kai kafin 2001 layukan da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Sababbin kamfanonin kuwa su suka bi mai saye, suka baza dillalan kati har kasuwannin ƙauye. Hakazalika, da Glo ya shigo a 2003 da lissafin kira bisa daƙiƙa maimakon minti, ala tilas sauran suka bi sahu.

An miƙa NITEL ga Pentascope a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, amma bai farfaɗo ba, domin sauya maigida ba ya sauya halin 'yan gida. Econet kuwa ya sauya suna sau huɗu kafin ya tsaya a Airtel a 2010, kuma yana nan a kasuwa.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021 saboda tsaro ya nuna yadda cinikin manoman shinkafa na Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura, da hada-hadar kasuwar Talata Mafara suka dogara ga waya. A karkara, kamfanin da ke gaggawar gyara turakunsa, yake sauraren koke da Hausa, shi jama'a za su riƙe.

Saboda haka muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su riƙa tattara koken al'umma suna miƙa wa NCC, su kuma auna ofisoshinsu da wannan ma'auni: shin talaka ke bin ma'aikaci, ko ma'aikaci ke bin talaka?